Sai Ka Ga Gemu



Aikina rubuta maganar wasu ne. Shekaru masu yawa ke nan ina zaune a gefen shimfiɗar Maigida a nan zangon Kumasi, ina rubuta abin da aka kawo da abin da aka yanke: rabon gado, rikicin haya, auren da ya tsinke, bashin da aka musanta. Mai irin wannan aiki yakan saba da ganin damuwa a fuskar mutane har ta daina taɓa shi. Amma ranar da na ɗaga kai na ga matar marigayi yayana ce ta durƙusa a bakin zaure, wayarta a hannu, idanunta sun yi ja, sai alƙalamin ya yi mini nauyi.

Ta gaida Maigida, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarar ɗana na kawo. Bindiga zai saya."

Yaron yana Kolombos, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka, inda 'yan Ghana suke da yawa. Ni na riƙe shi bayan rasuwar ubansa, ni na kai shi makarantar allo, ni na raka shi filin jirgi. Wani tsohon Bature da suke aiki tare ne ya gayyace shi farautar talotalo a dazuzzukan kudu maso gabashin jihar, shi kuma ya kwaɗaitu. Uwarsa ba ta ji talotalo ba, bindiga kawai ta ji. Kuma ba zan ga laifinta ba. Duk wanda yake da ɗa baƙar fata a wannan ƙasa ya san abin da zuciyarsa take raya masa idan aka haɗa sunan ɗan da bindiga a magana ɗaya. Sai dai ni da ita mun san akwai wani dalili na biyu, wanda ba ta faɗa a zaure ba, shi ma yaron bai san shi ba.

Maigida bai tsawaita ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ɗanka ne. Ka bincika, ka dawo mana da magana."

Da na kira shi, dariya na fara yi masa. Na ce wane irin maharbi ne zai ɗauki bindiga don talotalo? Mu talotalon da muka sani shi ne wanda yake yawo a tsakar gida yana kumbura yana bin yara, ko kuwa gindinsa da ake soyawa, cofi, wanda matafiya suke saya a hanyar Nsawam. Ya ce, "Baba, wannan ba shi ba ne." Ya turo mini hoto, ya kuma yi ta yi mini bayani dare bayan dare, har na fahimci cewa na gidan jikan na dajin ne da ya lalace da zaman banza. Na dajin baƙi ne mai sheƙi, namijinsa yakan kai kilo 8 zuwa 10, yana gudu, yana tashi sama, a kan itace yake kwana. Idonsa yana bambance launi, motsin yatsa kaɗai ya isa ya kore shi. A ƙirjin namijin akwai wani tsiron gashi mai kauri da yake reto, shi suke kira gemu, kuma a farautar bazara doka ba ta yarda a harbi wanda ba shi da wannan gemun ba.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne tarihin tsuntsun. A Ohayo an harbe shi, an sare masa daji, har ya ƙare ƙaƙaf a 1904. Sai a shekarun 1950 aka fara kamo wasu daga jihohin da suka rage musu ana saki. Da aka sake buɗe farautarsa a 1966, a gundumomi 9 kawai aka yarda, kuma tsuntsu 12 aka samu a duk jihar. Kuɗin wannan aiki kuwa, mafi yawansa daga aljihun maharban ya fito, domin tun 1937 akwai dokar da ta ware harajin bindigar farauta da harsashi don raya namun daji, wanda a yau yake kashi 11 cikin 100. Na tuna mu ma a nan Ghana muna da lokacin hana farauta, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da dabbobi suke da ciki ko goyo. Wanda ya bi hanyar Ejura a watan Satumba ya ga abin da ake ɗagawa a bakin titi, shi zai faɗa muku yadda muke riƙe da wannan doka.

Kafin yaron ya sami lasisi sai da ya zauna ajin koyon farauta ya ci jarrabawa. Kafin a miƙa masa bindiga a kanti sai da aka cike takarda aka binciki sunansa. Waɗannan na rubuta su a littafina don Maigida. Amma ni abin da ya kama ni shi ne zaɓen bindigar kanta, domin a gidan maharbi na tashi, kuma ban taɓa jin an yi wa bindiga irin wannan lissafi ba.

A wurinmu bindiga iri nawa ce? Akwai ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, akwai mai baki ɗaya, akwai mai baki biyu ga wanda Allah ya hore wa. Harsashi kuwa AA ne ko BB, abin da ka samu a kanti shi ne naka. Da shi za ka harbi zabo, da shi za ka harbi gada. Su kuwa sun fara ne daga faɗin bakin. Bindigar da ake ce wa lamba 12, ma'anarta idan aka mulmula dalma daidai faɗin bakinta, ƙwallo 12 ne za su yi laba ɗaya. Lamba 20 kuwa sai an tara 20, wato bakinta ya fi ƙanƙanta. Yaron, da zafin ƙuruciya, lamba 12 ya so, mai cin dogon kwanso na inci 3 da rabi, wai don ta fi ƙarfi. Tsohon nan bai yi masa gardama ba. Ya ara masa irinta, ya zaunar da shi a gindin itace kamar yadda ake zama a daji, ya ce ya harba sau uku. A na uku, in ji yaron, tun kafin ya ja kunama ya rufe ido ya noƙe kafaɗa. Bindigar da mai ita yake tsoron shurinta ba ta da wani ƙarfi, ko da bakinta ya kai na igwa. Ya koma lamba 20, ta hannu, irin wadda ake zuge ƙasanta da hannun hagu a fitar da kwanso a ɗora wani. Irin wannan ƙira ita ce ta Remington 870 da Mossberg 500, waɗanda suka cika gidajen manoman ƙasar, kuma ba su da tsada. Ya zaɓi mai gajeren bututu, domin wanda yake zaune cikin sarƙaƙiya, gwiwa a ɗage, bindiga a kanta, doguwa sai ta yi ta karo da reshe. Ya sa aka rage tsawon gindinta kaɗan saboda rigunan sanyi, ya ɗaura mata maɗauri na ratayawa, ya naɗe duk inda yake ƙyalli.

Daga nan sai maganar maƙogwaro, abin da suke kira cok. Wani ɗan guntun ƙarfe ne da ake murɗawa a cikin bakin bindiga ya matse shi. A lamba 12, bakin da faɗinsa yake milimita 18 da rabi sai a matse shi ya koma wajen 17. Wannan ɗan bambanci shi yake hana ƙwayoyin harsashi bazuwa da wuri, su tafi a dunƙule. Dalilinsa kuwa, ba a harbin talotalo a jiki. Gashin fiffikensa da kaurin ƙirjinsa sukan tare ƙwayoyin, ya tashi da rauni ya je ya mutu inda ba mai ganinsa. Kai da wuya ake nema, abin da bai fi hannun yaro kauri ba, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ƙwayoyin su ma lamba gare su, kuma duk yadda lambar ta hau, ƙwayar ƙanƙancewa take yi. Da dalma, lamba 4 da 5 da 6 aka saba. Yanzu an kawo wani ƙarfe, tungistan, wanda ya fi dalma nauyi da fiye da rabi, har ƙaramar ƙwaya lamba 9 takan shiga kamar babbar dalma lamba 5. Oza ɗaya ta dalma lamba 5 ƙwaya wajen 170 ce, ta tungistan lamba 9 kuwa wajen 360. Wannan ne ya sa ƙananan bindigogi suka sami daraja. Sai dai kwanso ɗaya yakan kai dala 10 ko fiye. Da ya faɗa mini haka na juya kuɗin zuwa sidi a zuci, na ce masa da wannan a Kejetia kaza sukutum za ka ɗauko, ba sai ka kwana a sanyi ba. Ya ce, "Baba, kai ma ka san ba don nama ba ne kawai." Na ce masa ya yi hankali da wannan magana, za mu dawo kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar. Kafin su shiga daji, sai suka je filin gwaji da manyan takardu, kowace an zana kan talotalo da wuyansa a tsakiya. Suka fara daga kusa da harsashi mai araha, don a ga ko inda ido ya nufa nan ƙwayoyin suke zuwa. Ba nan suke zuwa ba. Tasa tana kaiwa hagu da sama kaɗan. A zabo mai tashi, da ƙwayoyi a baje, ba wanda zai lura. Amma matsattsen maƙogwaro a yadi 15 ƙwayoyinsa ba su fi dunƙulen hannu faɗi ba, kuskuren yatsa uku ya isa a rasa kan gaba ɗaya. Don haka ya ɗaura mata ɗan madubin saiti mai jan ɗigo, ya yi ta murɗa shi har ɗigon da ramukan suka haɗu. Sannan suka ja da baya, yadi 20, yadi 30, yadi 40, da harsashin da zai yi farautar da shi. Kowane harbi sai a cire takarda, a zana da'ira mai faɗin inci 10 a inda ramuka suka fi yawa, a zauna a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami. Abin da maharbansu suka saba riƙewa shi ne rami 100 a cikin da'irar, ba tare da wani fili da kan tsuntsu zai iya shigewa ba. Nisan da lissafin ya faɗi ƙasa da haka, nan ne iyakarka, ko da idonka yana ce maka za ka iya. Tasa ta riƙe har yadi 40, wajen mita 36 ke nan. Ya rubuta lambar a ɗan ƙyalle ya manna a gindin bindigar.

Na daɗe ina kallon hoton takardar nan. Ni mai aikin takarda ne, na san abin da take yi wa mutum: tana hana shi tuna abu yadda ransa yake so. Maharbanmu jarumai ne, sun san daji fiye da yadda na san littafi, amma ban taɓa ganin wanda ya ɓata harsashi a kan takarda don ya san iyakar bindigarsa ba. Idan an samu, a ce gwaninta. Idan dabba ta tsere da jini, a ce tana da asiri.

Da ya tambaye ni ko naman ya halatta, nan ne na ji na taka ƙasar da na sani. Malaman farko ba su yi magana a kan bindiga ba, domin ba ta zo ba a zamaninsu. Abin da suka hana shi ne abin da aka kashe da ƙwallon yumɓu na jifa, saboda yana kashewa ne da duka, ba ya huda. Da albarushi da dalma suka bayyana, malaman baya suka saɓa, amma manyan malaman Fas, irin su Abdulƙadir al-Fasi, suka halatta, domin dalma tana huda tana zubar da jini fiye da kibiya. A kan haka Dardiri da Dasuƙi suka tafi a sharhinsu na Muhtasar, kuma tungistan bai canza komai a nan ba tunda shi ma hudawa yake yi. Na ce masa ya yi niyya, ya yi bisimilla a lokacin jan kunama, ba bayan tsuntsu ya faɗi ba. Ya tafi da wuƙa mai kaifi. Abokansa, in tsuntsu yana shure-shure, taka wuyansa suke yi, shi kada ya yi haka. In ya same shi da sauran rai, ya yanka. In kuwa ya raunata shi ya ɓace masa har ya kwana, abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne ba a ci. Sannan na dawo da shi kan maganarsa ta ɗazu: Risala ta karhanta farautar da wasa ne kawai manufarta. In zai harba, to ya ci, ya kuma ba maƙwabci.

Sai da muka zo kan dokokin tsare rai muryata ta fara rawa. Yana karanto mini su kamar hadda. Ba a bin kukan talotalo a daji, domin mai kukan zai iya zama wani maharbi ne yake busa abin kira. Zama ake yi, a jingina da itacen da ya fi kafaɗa faɗi, a kira shi ya zo. Ba a sa ja ko fari ko shuɗi, ko da hankici ne, domin su ne launin kan namiji. Ba a harbin motsi, ba a harbin sauti, ba a harbin launi. Sai ka ga tsuntsun sarai, sai ka ga gemu.

Na ce masa, "Sake faɗa." Ya sake.

Shekara 30 da ɗoriya ke nan, muna Ejura, yayana yana noman masara yana harbin zabi. Ba a yi maharbi kamarsa a unguwarmu ba. Wata asuba, gari bai gama wayewa ba, ya ji kukan zabi a ƙarshen gona, ya sunkuya ya bi. Ya ga ciyawa tana motsi daidai inda kukan yake, ya ga wani abu mai duhu a ƙasa, ya harba. Maƙwabcinmu ne, ya tsuguna yana duba tarkonsa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma idonsa na hagu ya tafi. Bayan hukuma ta yi nata, dattawa suka zauna suka yi sulhu, aka yanke abin da za a biya, yayana ya shekara huɗu yana biya da buhunan masara. Aka nemi wanda zai rubuta, aka ce ga ƙaninsa nan ya iya ajami. Ita ce takarda ta farko da na rubuta a gaban dattawa, hannuna yana karkarwa, sunan yayana a layi na biyu. Bindigar kuwa da kansa ya kai wa maƙeri ya sare ta gida uku. Ya bar Ejura ya dawo Kumasi ya kama sayar da goro, kuma har ya koma ga Allah ban ƙara jin ya ambaci daji ba. An haifi yaron bayan haka. Ubansa ya roƙe mu kada mu gaya masa, muka yi alkawari.

Na kwana uku ina juya wannan alkawari. Na je wurin uwarsa na ce, "Yaya, in muka hana shi ba tare da dalili ba, zai ce to, ya kashe waya ya je ya yi abinsa, teku ce tsakaninmu. In muka bar shi bai sani ba, mun tura shi da rabin guzuri." Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Malam, kai ka rubuta, kai za ka karanta masa." Na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko takardar, ta yi ja, gefenta ya cinye. Na karanta masa ita ta waya daga bisimilla har sunayen shaidu. Ko yayana zai yafe mini, wannan yana wurin Allah. Yaron bai ce komai ba, sai numfashinsa nake ji. Can ya ce, "Shi ya sa Baba ba ya yanka ko kaza da hannunsa?" Na ce shi ya sa.

Na koma wa Maigida da magana. Na ce abin yana kan doka, yana kan shari'a, kuma yaron ya san abin da ya kamata ya sani. Maigida ya ce a bar shi, da sharaɗin bindigar ta zauna a kulle, harsashi a wani wuri dabam, kuma kada ta shiga motarsa sai ranar daji. Uwarsa ta ce ta ji, ba ta ce ta yarda ba.

Ya fita ranar Asabar ta farko a ƙarshen Afrilu. Awa 4 ce tsakaninmu a wannan lokaci, saboda haka sa'ad da gari yake waye musu, ni ina zaure da hantsi ina rubuta rikicin wani shago, ido ɗaya a kan waya. Sai bayan la'asar ya kira. Ya ce sun zauna tun da duhu, ya auna yadi 40 da taki ya kafa ɗan reshe. Tsohon ya yi ta kira, namiji ya amsa daga kan tudu, ya sauko, ya sauko, har ya tsaya a bayan wata sarƙaƙiya, cikin iyakar reshen. Ya ga jan kai yana leƙowa, jan ɗigon madubinsa yana kansa, yatsansa a kan kunama. Ƙirjin ne bai gani ba. Ya jira ya fito fili, tsuntsun ya miƙa wuya sau ɗaya, ya juya, ya tafi. Tsohon ya ce masa wannan namiji ne ko makaho ya sani. Yaron ya ce shi bai ga gemu ba. Ya sake fita sau uku kafin lokacin ya rufe, bai ƙara samun wanda ya matso ba. Kwanson tungistan ɗin nan suna cikin kwalinsu, uwarsa kuwa tana ba maƙwabta labarin asarar kuɗin da wani irin jin daɗi da ba ta iya ɓoyewa.

Makon jiya ya kira ni da daddare, ba maganar tsuntsu ba. Ya ce, "Baba, mutumin nan yana da rai?" Na ce yana nan a Ejura, ya tsufa, jikoki sun kewaye shi. Ya turo kuɗi, ya ce in sayi shadda da buhun shinkafa in kai masa, in ce ɗan wane ne yake gaishe shi. Na sayi shaddar, tana nan a kan akwatin. Ranar kasuwa mai zuwa zan shiga mota, kuma tun jiya nake gwada kalmar da zan fara da ita bayan sallama.